Hoton Kawu a Tsohon Kwafi

Aikina a ofishin ƙungiyar manoman rani da ke Kura ba wani aikin a zo a gani ba ne. Ni ke kula da kwamfutar da ke riƙe da bayanan 'yan ƙungiya: wa ke noma wane fili, daga wane kanal yake shan ruwa, da ɗan hotonsa a gefe. Kullum kafin mu tashi, kwamfutar kan kwafe komai ta adana a wata ƙaramar na'ura, don ko ta lalace kada mu wayi gari ba mu san gonar kowa ba. To, ita na'urar cika take yi. Sai na kafa mata doka: kwafin kullum ya yi wata guda, na ƙarshen wata ya yi shekara, duk abin da ya haura haka ta share shi da kanta ranar Juma'a da safe. Wallahi na ji kaina da wannan tsari. Shugaban ƙungiya ya taɓa cewa a bar komai, kada a goge ko ɗaya. Na ce, "Ranka ya daɗe, sai dai a ware mana ɗaki guda na tara na'urori." Bai sake tayar da maganar ba.

Kawuna, yayan mahaifiyata, malami ne mai makarantar allo a wani ƙauye na Bunkure, kuma yana noman shinkafa da tumatir. Mutumin nan ba ya hoto. Ko a wajen ɗaurin aure aka ɗaga waya, sai ya juya baya ya kama gyaran rawani. Da ƙungiya ta ce duk wanda ba shi da hoto ba za a sa shi a layin ruwa ba, ni aka tura masa, wai ɗan ƙanwarsa ne, ba zai kore ni ba. Ai kuwa saura kaɗan! Ya ce, "Yanzu ruwan da Allah ya saukar, sai an ɗauki fuskata zan sha?" Na yi ta ba shi haƙuri har ya miƙe ya jingina da bangon zaure. Na danna sau ɗaya, ya ce ya isa.

Bayan rasuwarsa aka raba gado, filin ya faɗa hannun babban ɗansa. Ya zo ofis, aka cire sunan Kawu aka sa nasa, aka cire hoto aka sa nasa. Haka muke yi wa kowa. Fili ɗaya suna ɗaya, don mai buɗe ruwa ya san wanda zai nema. Babu wanda ya ga wani abu a ciki, har da ni.

Wata Alhamis na dawo gida cin abincin rana, na tarar da Inna tana yanka tumatir za ta shanya. Ni ne ɗanta na fari, ba ta kiran sunana. Ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "Kai ɗan nan, fuskar Yaya Malam ta fara ɓace mini. Ina jin muryarsa, ina jin tarinsa, ina ganin hularsa da gemunsa. Amma tsakanin hular da gemun babu komai."

A duk duniyar nan hoton Kawu ɗaya ne, kuma ba ya cikin bayanan yanzu. In ma ya rage, sai a kwafi mafi tsufa. Na tuna bayan girbin shinkafar bara aka canza sunan, ga shi yanzu wani girbin ya wuce. Gobe kuma Juma'a.

Ko loma ban kai ba na hau mashin. Na isa ofis babu wuta. Janareton nan, ɗan banza, da ya san ana sauri sai ya ƙi tashi. Na ja, na ja, na zage shi tas, na ba shi haƙuri, sannan ya yarda. Abin da na fara yi shi ne dakatar da sharar gobe. Daga nan na ɗauko kwafin da ke can ƙasa, na buɗe shi a gefe guda, don kada ya hau kan bayanan yanzu ya mayar wa matattu gonakinsu. Na nemo lambar filin. Sai ga Kawu! Na ce alhamdu lillahi da ƙarfi ni kaɗai a ɗaki. Na tura hoton cikin wayata, na kama hanyar gida ina jin kamar na ceto wanda ya faɗa kanal.

Na durƙusa na miƙa mata. "Inna, ga Kawu."

Ta goge hannu da zane ta karɓa. Ta kawo wayar kusa da ido, ta nisantar da ita, ta sake kawowa. Ni ma a lokacin na kalli hoton da kyau. Ya haɗe gira, ya tsuke baki, idonsa na hararar gefe. Fuskar mutumin da aka tilasta wa abin da ba ya so ce, ba ƙari ba ragi.

Ta daɗe tana kallo. Can ta ce, "Wa ya ɓata masa rai haka?"

Na ce, "Hoton ne ba ya so, Inna."

Ta ce, "Shi ya goya ni. Tun da nake da shi bai taɓa yi mini wannan kallon ba." Ta miƙo mini wayar, ta rufe ido na ɗan lokaci, ta buɗe. Hawaye suka zubo. "Ka gani? Yanzu in na rufe ido wannan nake gani. Da babu komai, amma na san in ta dawo da murmushi za ta dawo. Goge shi."

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Na sha wahala, na yi zufa, kuma na san in ya tafi ya tafi ke nan. Na ce ko don jikokinsa a bari. Ta ce jikokinsa su tambaye ta, ita za ta faɗa musu kamanninsa.

Na goge na wayar a gabanta. Na ofis kuwa na yi makonni ban taɓa shi ba, sharar tana tsaye, na'urar na ta kukan ta cika. Nakan buɗe in dube shi, in ga ni yake harara, don ni ne na tsaya a gabansa da waya. Shi bai so a ɗauka ba, ƙanwarsa ba ta so a ajiye. Na rasa wa nake ajiye wa.

Wata Alhamis da yamma na mayar da dokar sharar yadda take, don gobe da safe tsohon kwafin ya tafi da hoton, na kulle ofis. Da na koma gida na tambayi Inna ko fuskar ta dawo. Ta ce tukuna, har yanzu mai hararar ce ke zuwa.