Shuni har cikin baki

Shekarar da mura ta shigo Filinge tana kwasar mutane, ni ƙaramin tafinta ne a bariki. Shekara ukku na yi a lakwal, makarantar Nasara, sun kuwa ishe ni in riƙa ganin duk ƙasarmu ta Kurfai ba mai hankali sai ni.

Ran kasuwa na sayo ma matata baƙin zane, irin wanda shuninsa ke zuba a jiki. Kwana biyu tana yanga da shi, na ukku ta kwanta. Zazzaɓi, tari, ƙirji na ƙara kamar tukunya bisa wuta.

Ran na biyar da hantsi yayata ta shigo dubiya. Ta kama hannun matata ta dubi farce, ta ɗaga mata leɓe.

"Kai, tafinta, zo ka gani. Yarinyar ga ta yi baƙi. Yau kar ka tahi ko'ina."

"Shuni ne, yaya. Ke da ba a taɓa saya miki sabon zane ba, ina za ki sani?"

"Shuni har cikin baki? Cin zanen take yi?"

Matata ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Da ta samu numfashi ta ce, "Maigida, tahi aikinka, kar Nasara ya yi faɗa. Taɓa ƙafata ka ji, zazzaɓin ya sauka."

Na taɓa. Sanyi kamar gindin randa. Murna na yi, wallahi murna. Na sa hula na fita.

Da la'asar na komo, na iske yayata ta kira wanzami. Ya yi ma matata tsaga a baya, ya kafa ƙaho, ya zuƙa har jijiyar wuyansa ta miƙe. Da ya cire, ɗan jini ne baƙi mai kauri, bai cika cokali ba. Ya sake wuri sau ukku, sannan ya tattara kayansa.

"Jinin ya ƙi zuwa fata," in ji shi. "Wannan ba aikina ba ne."

Yayata ta ce tun jiya matata ba ta yi fitsari ba, ga ta kuwa tana shan ruwa. Na jiƙa tsumma na kama goge mata yatsu. Na goge, na goge. Tsumman bai ɗauko komi ba. Idonta a buɗe, amma da ni da bango duk ɗaya ne gare ta. Kafin rana ta faɗi ta cika.

Bayan shekaru wani lokotoro, likitan Nasara, ya zo bariki, na yi masa tafinta, na tambaye shi. Ya ce in huhu ya cika da ruwa jini ba ya samun iska, sai ya yi baƙi. Ƙananan hanyoyinsa, waɗanda suka fi gashi siranta, su toshe. Jiki ya janye abin da ya rage daga hannu da ƙafa, ƙoda ta tsaya, kai ya bi baya. Sanyin nan da na yi ma murna, shi ne mafarin tafiyar. Ya ce ko na zauna ba abin da zan iya. A ganinsa ya lallashe ni ke nan.

Ni ba magani nake kuka ba. Yayata ta ce har azahar matata tana magana sarai, tana tambaya ko na komo, wai akwai abin da za ta faɗa mini. A sa'ar nan ina tsaye gaban kumandan ina juya rigimar akuya zuwa Faransanci. Yayata ta roƙe ta ta faɗa mata, ta ƙi. Ta ce sai ni.