Duwatsun Kawu

Kawuna ya yi shekara talatin da ɗaya yana tuƙa motar kaya, ko kaza bai taɓa bugewa ba. A tasha Sannu-Sannu suke ce masa don tsokana, shi kuwa amsawa yake abinsa. Da ƙarfi ya fara ƙarewa ya ajiye makulli, ya koma kan benci a ƙofar gida yana sauraron motoci. Daga kukan inji yake gane wanda ya ɗaga ƙafa daga totur da wanda ya danne.

A da, hanya tana yin wata muguwar lanƙwasa daidai gidansu, ta kewaye wani tudu. Duk taurin kan direba, in ya iso nan sai ya taka birki. Nan matarsa, Inna, take tsallakawa kowace safiya zuwa lambunta. Inna kuwa kunnenta ya yi nauyi tun ina ƙarama, sai ta ga bakinka take gane maganarka.

Sai aka zo gyaran hanya, aka rushe tudun, aka miƙar da titi sambal, aka faɗaɗa shi. Kowa murna, ban da Kawu. An kafa allon rage gudu, ya ce aikin banza ne, direba ba da allo yake tuƙi ba, da abin da idonsa ya nuna masa ne. In hanya ta buɗe ta miƙe, ƙafa nauyi take yi, mai ita bai sani ba.

A sati na uku da buɗe sabon titin wata mota ta wuce ta bayan Inna, iskarta ta fizge mata mayafi. Ita ba ta ma san an yi ba sai da ta ga mayafin a kan kwalta. Kawu yana kan benci, a kan idonsa aka yi. Ya roƙe ta ta bar lambun, ta ce to shi zai shayar da tumatirin?

Washegari ya ari baro ya fara kwaso duwatsu. Raina ya ɓaci, na ce masa tsoho mai ciwon baya ba shi zai gyara abin da injiniyoyi suka ɓata ba. Bai kula ni ba. Ya jera su gefe da gefen titi, can nesa taku ashirin tsakani, sannan sha takwas, sha biyar, har a bakin matsallakar Inna suka koma taku uku. Ya shafe su da farar ƙasa.

"Direba zai ga kamar hanya tana tsukewa, duwatsu suna wuce shi da sauri," in ji shi. "Sai ya ɗauka gudunsa ne ya ƙaru. Ƙafarsa za ta ɗaga da kanta."

Inna ta dinga tambayarsa yaushe duwatsun za su nuna a yi girbi. Amma abin ya yi aiki, ba ga kowa ba, ga mafi yawa. Shekara takwas, duk lokacin da ruwan sama ya wanke su sai ya sake shafawa.

Bara Kawu ya rasu. Na je da niyyar ɗauko Inna ta zauna wurina, don tsoron titin nan ya hana ni sukuni. Ba ta yi musu ba, da safe kawai ta kama hannuna muka fita bakin hanya. Duwatsun fari fat, ga sauran farar ƙasa a faratanta. Wata babbar mota ta taho a guje, tana shiga tsakanin duwatsun kukanta ya sauka.

"Ni ba na jin su," in ji Inna, "amma ina ganin gabansu yana sunkuyawa. Kin gani, 'yar nan? Har yanzu yana tare mini su."

Motar ta wuce a hankali, ta saki hannuna ta tsallaka. Na tsaya hawaye na zuba. Da rana na shiga kasuwa na sayo mata buhun farar ƙasa.