Uku Kafin Na Huɗu

Shekara ashirin da shida ta yi a aji ɗaya mai ƙananan kujeru, tana koyar da yaran da magana ke yi wa nauyi. Iyayensu suna kiranta Anti Taɓa-Hanci, don ba ta fara wa yaro da abin da yake ƙi. In tana so ya sa takalmi, sai ta ce ya taɓa hancinsa, ta yaba masa. Ya tafa, ta yaba. Ya miƙo cokali, ta yaba. Tun "to" ɗin bai huce a jikinsa ba sai ta kawo takalmin, kuma galibi ƙafa na shiga.

Bayan ta yi ritaya, mijinta, tsohon kafinta, ya samu shanyewar ɓarin jiki. Likita ya ce in bai fara miƙewa a watan nan ba, ƙafar za ta sandare. Tsoro ya mantar da ita sana'arta. Kwana goma sha ɗaya tana tsaye a kansa: "Maigida, daure ka tashi." Shi kuwa sai ya juya wa bango fuska.

A kwana na sha biyu da hantsi tana share teburin da ya ƙera musu shekarar aurensu, shi yana zaune a kujera gefensa, ta ce, "Miƙo min tsumman nan." Ya miƙo.

"Yauwa. Shafa gefen nan ka ji, kamar ya yi kaushi."

Lafiyayyen hannunsa ya bi katakon a hankali, kamar mai gaisawa da tsohon aboki. "Danshi ne. Kankarewa yake so."

"Riƙe min nan kada ya motsa."

Ya riƙe, ya dube ta ta wutsiyar ido. "Uku ke nan. Malama, shekara nawa ina jin labarin dabarar nan a bakinki? Yau ni za a yi wa taɓa-hanci?"

"Ashe ka san na huɗun."

"Na sani mana."

"To, ina jira."

Ya ja tsaki, ya dafa teburin, ya miƙe yana tangaɗi kamar sabon ɗan maraƙi. Ta ƙirga bakwai a zuci kafin ya koma kujera yana haki.

"Ina tafin?" ya ce. "Ko yara kaɗai ake yi wa?"

Ta tafa masa, tsumman na hannunta.

Yanzu yana kaiwa taga da sanda. Amma har yau in ta ce ya tashi kai tsaye, sai ya harɗe ƙafa ya ce a fara biyo ta ukunsa tukuna.