Maɓallai Ashirin da Takwas

Duk layin an san mai ɗinkin nan da abu biyu: gwaninta da mantuwa. In ta yanka miki riga, sai ki rantse da ita aka haife ki. Amma takan hargitsa shago kaf tana neman tef ɗin awo, alhali yana rataye a wuyanta.

Haihuwarta ta huɗu ta zo da gardama. Jini ya ɓalle mata, sai da aka ƙara mata leda uku. Ranar sallama likita bai ɓoye mata ba: in ta sake ɗaukar ciki kafin shekara biyu, ba lallai ta tashi ba.

Ƙanwarta ce ta kawo shawarar ƙwayar tazarar haihuwa. "Yaya, ɗaya ce fa kullum, a kan lokaci. Ni shekarata uku ina sha, ko ciwon kai ban taɓa yi ba."

"Ke kenan. Ni da ko jiya sai da na ƙona tukunya?"

Da wata ce, sai ta karɓa kawai ta ce Allah ya kyauta. Ita kuwa tun tana jego ta ƙirga maɓallai ashirin da takwas, adadin ƙwayoyin kati guda, ta zuba a gwangwani kan keken ɗinki, don ta gwada kanta kafin ta fara sha. Kullum ƙarfe takwas na safe za ta cire ɗaya. In lokaci ya wuce, ba ramuwa.

Mijinta, direban babbar mota, ya yi dariya har da riƙe ciki. "Maɓalli aka rubuta miki a asibitin? Bari, ni zan riƙa tuna miki."

"Kai da kake kwana uku a hanya, baban yara?"

Makon farko ba fashi, har ta fara yabon kanta. Sai ɗinkin kayan makaranta ya rufto mata, jaririya kuma ta yi zazzaɓi. Da wata ya cika ta juye gwangwani, shida suka faɗo. Ta daɗe tana kallonsu, tsoro ya kama ta sosai, don da ƙwaya ce, kwana shida kenan ta yi ba kariya.

Ta ƙulle su a ƙyalle ta kai wa malamar asibiti. Malamar ta saurara, ta cire tabarau. "Shekara goma sha biyu ina tambayar mata ko za su iya sha kullum, kowacce ta ce e. Ke ce ta farko da ta zo mini da shaida." Ta auna mata jini, ta zayyana mata sauran hanyoyin, amfaninsu da matsalarsu. Mai ɗinki ta zaɓi maganin da ake sawa a ƙarƙashin fatar damtse, wanda ba ruwansa da agogo.

A hanyar gida ƙanwar, wadda ta raka ta, ta ce, "Yaya, duk wannan wahala a kan 'yar ƙwaya?"

"Yadin mutane ma ba na sa masa almakashi sai na auna sau biyu," in ji ta, tana gyara goyo. "Shi in ya ɓaci a sayo wani. Yaran nan huɗu, wa zai sayo musu uwa?"