Ƙusar Goggo Hansai

Duk wanda ya yi karatu a wata sakandare ta Jimeta tsakanin shekarar samun 'yancin kai da ƙarshen zamanin Jihar Arewa maso Gabas ya san Malam Jibrilla, ko da bai riƙe sunansa ba. Shi ne dogon mutumin nan mai farar riga har gwiwa, wanda ke buɗe ɗakin gwaje-gwaje da safe, ya wanke kwalabe, ya jera su bisa tsawo. Ba malami ba ne. Aji huɗu na elementare ya yi a Yola, sa'an nan ya kama aikin shara a makarantar. Tsabta da rashin gaggawa ne suka ɗaga shi daga tsintsiya zuwa riƙe makullin ɗakin, domin ba a taɓa jin ya fasa kwalba ba, ba a kuma taɓa samun wadda ya liƙa wa sunan da ba nata ba. A Gwadabawa, inda yake zaune da iyalinsa, Likitan Kwalabe ake ce masa, rabi girmamawa, rabi tsokana.

Abin da ya sani na kimiyya a bakin Malama Hilda ya tsinta, wata 'yar kudancin lardi mai koyar da ilimin sinadarai. Kowace shekara takan sa ɗalibai su rataya ƙusoshi a cikin ruwa iri-iri, su ga wanne ne ya fi cin ƙarfe. Ita ta nuna masa amfanin ruwan bafa. Ta ce in ana son gwajin gaskiya, tilas a tsayar da tsamin ruwa wuri guda, don ƙarfe yakan sauya ruwan yayin da yake narkewa, sai gwajin ya lalace. Bafa haɗi ne da ke riƙe ruwa a matsayinsa: a ɗiga masa tsami ya shanye, a ɗiga masa kanwa ya shanye. Akwai mai riƙe ruwa da tsami, akwai mai riƙe shi a ɓangaren kanwa. Jibrilla ya raɗa masa suna ruwa mai haƙuri. Malamar ta yi dariya, ta ce sunan ya dace, muddin bai manta haƙurin yana ƙarewa ba.

A shekarar 1973, da fari ya tsananta har Binuwai ta koma rairayi da 'yar ƙorama a tsakiya, saƙo ya iso masa daga Damare, hayin kogi, cewa goggonsa Hansai na cikin masifa.

Hansai ƙanwar mahaifinsa ce, tsohuwa mai shekara saba'in, mijinta da 'ya'yanta huɗu duk suna kwance a maƙabartar garin. Ɗakinta ne mafi kusa da rijiyar unguwa, wadda mijin nata ya haƙa. Rijiyar ce ta sauya hali. Ruwa yakan fito garau, amma in ya ɗan zauna a randa sai ya rine ja kamar an yi yanka a ciki. Kwaɗi suka bar rijiyar. Awaki sukan sansana su juya. Sandar famfon da aka kafa ta karye sau biyu cikin wata takwas, kuma wata wuƙa da aka manta a bakin rijiyar, aka tsince ta da ramuka jere, sai ka ce sawun haƙora. Da farko an zargi Ɗantani maƙeri da yin aiki da ruɓaɓɓen ƙarfe. Shi kuwa, don ya sauke nauyin daga kansa, ya ce a dubi bakin tsohuwar. Haƙoranta jajaye ne saboda goro da fure na shekara hamsin, amma tun daga ranar mutane suka ga wani abu dabam. Da yara biyu suka kwanta ciwon ciki, Jauro, wato mai garin, ya yanke cewa mayya mai cin ƙarfe ba za ta daɗe ba ta koma kan mutane, don haka Hansai ta bar gari kafin tsayuwar wata.

Jibrilla ya same ta zaune a ƙofar ɗaki, babu kowa kusa da ita tsawon jifa. Ya roƙe ta ta bi shi Gwadabawa.

"Ɗana," in ji ta, "mutum biyar ke jirana a bayan garin nan. In na mutu a hayi, wa zai kawo ni?"

Ya ja guga, ya tsoma 'yar takardar gwaji a ruwan. Ta yi jajawur kamar an tsoma ta a lemun tsami. Ya leƙa ciki, ya ga ruwan ya ja baya ya bar wata baƙar laka mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Da ya koma makaranta, Malama Hilda ta gaya masa cewa akwai irin lakar da in ta shaƙi iska takan haifi tsami mai ƙarfi, kuma fari ne ya tone ta. Amma ta ce bayani ba zai tsayar da korar ba, sai an gani da ido. Ta ba shi kwalbar ƙarshe ta bafa mai tsami. Ɗaya irin kuwa, na ɓangaren kanwa, ya ƙare tun shekarun yaƙin basasa, ba a sake kawowa ba. Jibrilla ya tuna yadda mata ke kashe tsamin yakuwa a miya, ya tafi kasuwar Jimeta ya sayo kanwa, ya jiƙa, ya tace sau uku da farin ƙyalle. Malamar ta gwada, ta ce zai yi aiki, sai dai kanwar kasuwa ba ta da ma'auni, ba wanda zai iya faɗin kwana nawa za ta riƙe.

Ya koma Damare, ya durƙusa gaban Jauro ya nemi alfarmar kwana uku. Ɗantani na gefe yana sosa gemu.

"Likitan Kwalabe," ya ce, "kai da ka zo da ruwan Turawa, mu ma muna da sharaɗi. Ni zan ƙera ƙusoshin da hannuna. Ruwan rijiya kuma da lakarsa za a zuba, kada a tace. Kwana bakwai, ba uku ba. Ko maitar goggonka tana da agogo ne?"

Mutane suka yi dariya. Jibrilla bai yi ba, domin shi kaɗai ya san abin da sharaɗin ke nufi: lakar za ta ci gaba da fitar da tsami a cikin kwalba, kanwar kuma tana ƙarewa kullum. Amma in ya yi gardama, za a ce ya ji tsoro. Ya amince.

Kwalabe uku aka jera a kan wani dakali cikin zauren Jauro. Ta farko ruwan rijiya ce zalla, Modibbo limamin gari ya rataya mata ƙusa da zare, tun kafin a bar Hansai ta matso. Ta biyu ruwan kogi ce da kowa ke sha, Jibrilla ya zuba masa bafa har tsaminsa ya zo daidai da na rijiyar, Jauro ya rataya tasa ƙusar. Ta uku ruwan rijiya ce da lakarta, haɗe da ruwan kanwa. Sai aka kira tsohuwar. Ta ɗauki ƙusar, ta dubi jama'a ɗaya bayan ɗaya, ta sa ta a baki ta tsotsa tsakanin jajayen haƙoran nan, sa'an nan ta rataya. Wata mata ta ja ɗanta baya. Modibbo ya ɗaure bakin kowace kwalba da ƙyalle, ya yi ƙulli irin nasa, aka haramta wa kowa taɓawa.

Kullum bayan an tashi makaranta Jibrilla yakan ƙetare rairayin da ƙafa, ya shiga kwalekwale a 'yar ƙoramar, ya je ya tsaya gaban dakalin da hannuwa a baya. Kwalba ta farko da ta biyu tun rana ta biyu suka soma fitar da ƙananan kumfa a jikin ƙusa, kamar abu mai numfashi. Ta uku shiru. A rana ta huɗu ya ga abin da yake tsoro: wani jan hazo ya taso daga lakar da ke gindin kwalbar goggonsa. Washegari ya hau da faɗin yatsa guda. Ba ya motsi in ana kallonsa, amma duk ranar da ya dawo sai ya tarar ya matso. Masu zama a zauren sukan daina hira in ya shigo. Hansai ba ta taɓa zuwa dubawa ba. Da ya gaya mata, sai ta ce ta riga ta ɗaure kayanta, ta kuma riga ta kwance, abin da Allah ya yi shi ne daidai.

Rana ta bakwai da hantsi gari ya cika zauren har waje. Jan hazon ya tsaya faɗin yatsa ɗaya ƙasa da tsinin ƙusar. Modibbo ya kwance ƙullinsa. Ya zaro tasa ƙusar, ta fito baƙa, jikinta duk ramuka. Ya zaro ta Jauro, ita ma an cinye ta, har ta fi tasa sirancewa. Ya zaro ta Hansai, ta fito fara fes kamar yadda ta bar maƙera. Ɗantani ya karɓa, ya kankare da farce, ya juya ta a rana. Can daga baya wani ya ce ai ruwan da Jibrilla ya zuba maganin ɗaure maita ne.

"To, tawa fa?" in ji Modibbo. "Hansai ba ta taɓa ta ba, ba ta gan ta ba. Ko ni ma mayen ne? Ta Jauro kuma ruwan kogi ne. Mu bar shan kogi ke nan?"

Jauro ya janye hukuncinsa a gaban jama'a. Aka rufe rijiyar da itace har ruwan sama ya dawo ya binne lakar. Ɗantani ya ƙera sabuwar wuƙa ya ajiye a ƙofar ɗakin tsohuwar ba tare da ya yi sallama ba. Ba kowa ne ya koma cin tuwonta ba, amma ba wanda ya sake maganar kora.

Jibrilla ya mayar da ƙusar cikin kwalbarta, ya toshe, ya kai ta ɗakin gwaje-gwaje ya ɗora a kan kanta ta sama, yana jiran hazon ya ƙarasa cikin kwana ɗaya ko biyu. Bai ƙarasa ba. Wata ya bi wata, shekara ta zagayo sau biyu, jan yana nan inda ya tsaya, ƙusar tana sheƙi. Wata safiyar Talata ya buɗe ɗaki, ya tarar kwalbar ta rine ja daga gindi har wuya, zaren yana lilo babu komai, ƙusar ta faɗa cikin laka. Kafin azahar ɗan aike ya iso daga Damare: Hansai ta cika bayan sallar asuba, a ɗakinta, kuma ana jiransa don a kai ta kusa da mutanenta biyar.

Malama Hilda ta duba kwalbar, ta nuna masa tsaga a jikin toshiyar. Ta ce iska ce ta shiga ta farkar da lakar, kanwar kuma dama ta kusa ƙarewa. Jibrilla ya rubuta wannan bayani a littafin ɗakin da kyakkyawan rubutunsa, ya sa kwanan wata, kuma har ya yi ritaya, duk wanda ya tambaye shi haka yake faɗa, kalma da kalma. Sai dai shi da ya wanke kwalabe shekara talatin da biyu, wannan guda ɗaya bai wanke ta ba. Ya naɗe ta a farin ƙyalle, ya ƙetare kogi da ita a cinyarsa, ya binne ta a gindin rijiyar, da zurfin kamu huɗu.