Abin da Fiyanon Yaya Ya Manta

Yayana makaɗin fiyano ne, irin na lantarkin nan da ake yi wa mawaƙan biki kiɗa da shi. A kasuwar Maigatari ya saye shi, tsohon hannu, wurin wani mutumin Damagaram da ya yi ta rantsuwa wai sabo ne dal. Sabo ina! Maɓallinsa guda ma sai an tokare shi da tsinken ashana. Amma Yaya ya ɗauki son duniya ya ɗora masa. Duk kiɗan da ya ƙirƙira a cikinsa yake ajiyewa, kowanne da lambarsa. Ko a Gumel ake biki ko a Gagarawa, da ya danna lamba sai kiɗa ya tashi.

Aibinsa ɗaya. Akwai wani ɗan batiri a ciki mai riƙe ajiyar, kuma ya tsufa. Yaya yakan ce min, "Ke, abin nan in ya daɗe bai sha wuta ba, mantuwa yake yi." Shi ya sa ko ba biki sai ya kai shi shagon caji na bakin titi. Na sha ce masa ya je Kano a kwafe masa kiɗan a kwamfuta. Kullum sai bayan salla, sai bayan kaka.

Ranar wata kasuwar Sule Tankarkar babur ɗin da Yaya yake kai ya yi karo da motar shanu. Kafin a iso da shi Gumel rai ya yi halinsa.

Bayan sadakar uku Baffanmu, ƙanen mahaifinmu, ya tattara kayan Yaya a ɗaki ya danna kwaɗo. Matar Yaya tana da ciki, kuma ba a rabon gado sai ta haihu an san magada. Na durƙusa na ce, "Baffa, don Allah a bar ni in jona fiyanon nan a wuta, ba kaɗawa zan yi ba."

"Ashsha! Kayan kiɗa a gidan makoki? Dukiyar maraya ce, ba mai taɓawa."

Na yi bayanin batiri har bakina ya gaji. Ya ce bai taɓa jin ƙarfe ya yi mantuwa ba. Wallahi na ji haushinsa, har yau ma ina ji, duk da na san amana yake tsarewa. Damina ta zo ta wuce ɗakin yana kulle, ni kuwa in na gifta ƙofar sai gabana ya faɗi.

Da aka haifi yaron aka yi rabo, fiyano ya faɗo a kason Inna, don ba wanda ya so shi. Yaya ɗan farinta ne. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, kuma in yana kiɗa a tsakar gida sai ta shige madafi kamar ba ta ji. Sai ga shi ranar ta ce min, "A kunna."

Na kira abokinsa da suke zuwa biki tare. Ya jona, ya danna lamba ta ɗaya, shiru. Ya bi su duka, ba ko ɗaya. Ya dube ni idonsa ya cika da ƙwalla. Don kada Inna ta tashi haka, sai ya danna kiɗan da masu ƙera fiyanon suka saka a ciki tun asali.

Ta ɗan saurara, ta girgiza kai.

"Ba wannan ba. Wanda yake yi da la'asar in ina tankaɗe."

Sai ta soma rera shi da kanta a hankali, baki rufe, tana buga gwiwa da yatsa. Daidai yadda yake yinsa, har ɗan tsayawar da yake yi kafin ganga ta shigo. Ta kai tsakiya ta tsaya. Ta sake ɗaukowa daga farko, ta sake tsayawa a wurin.

Ta juyo ta dube ni ta ce, "Daga nan fa? Ke ba ki riƙe ba?"

Ban riƙe ba.