Takin Da Na Ce Kada A Buɗe Sai Na Zo

A shekarun da wannan abu ya faru ni malamin firamare ne a Ƙanƙara, da mata ɗaya da 'ya'ya uku da wani tsohon babur da ke kai ni makaranta. Allah ya ba ni baki. In ana taron iyaye da malamai ni ake miƙa wa magana, in an samu saɓani a unguwa ni ake kira in yi bayani kowa ya gamsu. Abin da mutane ba su sani ba, sai matata, shi ne ni mutum ne mai ajiye komai sai gobe. Takardun jarrabawar yara sukan kwana biyu a jakata ban duba ba, rufin ɗakinmu ya yi damina biyu yana yoyo ina cewa za a gyara. Ban taɓa ɗaukar wannan hali a matsayin aibi ba, don a ƙarshe nakan yi abin a gurguje, kuma ba wanda ya taɓa cutuwa. Na rubuto maku ne don ranar da wani ya cutu ta zo, kuma har yau nauyinta bai sauka daga kaina ba.

Wani abokina da muka yi kwalejin horon malamai tare shi ya gayyace ni taro a Funtuwa, ana cikin bazara. Kasuwancin netwok ne, irin wanda kake shiga ta hannun wani, ka sayi kaya, kai ma ka shigar da wasu, ana ba ka lada a kan abin da suka sayar. Kayan nasu takin ruwa ne da ake sirka shi a fesa wa amfanin gona. Na ga abin ya dace da yankinmu, inda kowane gida manoma ne, sai na yi rajista na ɗauko kwalaye. Abokin nan nawa, in faɗi gaskiya, bai yaudare ni ba. Kafin mu rabu ya zaunar da ni ya ce wannan sana'a damina take bi, in ruwa ya wuce ta wuce. Ya ce in tsara wa kaina wanda zan gani a kowane mako, in halarci horon da ake yi duk Asabar don in san awo da lokacin feshi, kuma kada in sayar wa kowa sai na gwada a 'yar gonata. Na ce mashi ai ni malami ne, tsari aikina ne.

Na dawo gida da zumuɗi, amma duk zumuɗin a kan shiri ya ƙare. Na ce ba zan fara ba sai an buga mani takardun talla masu hoto. Da aka buga, na ce sai na samu waya mai kyau da zan riƙa nuna wa mutane bidiyo. Da na samu, na ce bari a yi hutun makaranta tukuna. Horon Asabar kuwa sau ɗaya na je, shi ma na isa ana tashi. Kullum ina jin kamar ina aiki, don ina tunanin abin, ina maganarshi a majalisa, ina lissafa wa matata irin gidan da za mu gina. Kwalayen suna jingine a ɗakin baƙi, ko rubutun da ke jikin galan ɗaya ban tsaya na karanta ba.

Abu ɗaya na yi da gaske, kuma shi ne ya zama masifar. Na je suna a Mairuwa, garin mahaifina, bayan an ci abinci aka zauna hira, sai na kawo maganar takin. A cikin masu saurare akwai wani dattijo daga wani ƙauye kusa da Tafoki, aminin mahaifina tun suna samari. Mutanen gidansu asalinsu Maguzawa ne, shi ya zama Kirista, amma wannan bai taɓa shiga tsakaninsu da mahaifina ba. Lokacin da mahaifina ya kwanta ciwon ajali, shi ya riƙa turo mana dawa har muka ga kaka. Baba nake ce mashi. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce takin buhu ya fi ƙarfinsu bana, in wannan zai rage masu nauyi yana so. A nan na faɗi maganar da na tsinta a bakin wani a wajen taro ban bincika ba. Na ce mashi wanda ya fesa wannan ba ya buƙatar zuba taki na biyu. Na ƙara da cewa awon yana da wuyar sha'ani, kada kowa ya buɗe galan sai na zo da kaina bayan noman farko, da injin feshi, na nuna masu.

Baba mutum ne da ake jin maganarshi. Cikin mako biyu ya shigar da magidanta shida na ƙauyensu, ɗiyarshi da ke aure a Damari ta wajen Sabuwa ita ma ta haɗa matan da suke noman waken suya tare. Na tura masu kaya a motar kasuwa. Abokina ya kira ni yana murna, ya ce ban daɗe da shiga ba ga shi na tara mutane, ya kuma tambaye ni ko na tsara ranakun da zan bi su. Na ce mashi komai na rubuce. Ƙarya nake yi.

Ruwa ya sauka, aka yi shuka, aka yi noman farko. Baba ya fara kirana. A ƙauyensu sai an hau wani tudu ake samun sabis, saboda haka duk kiran da ya yi na san tattaki ya yi da ƙafarshi. Makon farko na ce muna jarrabawa. Na biyu na ce tayar babur ta fashe, kuma ta fashe ɗin, amma gyaran bai fi na awa ɗaya ba. Na uku na ce an ce hanya ba lafiya, 'yan bindiga na tarewa. Duk wanda ya san yankinmu ya san wannan ba maganar wasa ba ce, akwai ranakun da ba mai hankalin da zai kama hanyar Faskari, wadda ke bi ta wajen ƙauyensu. Sai dai ni na san ranakun da motoci ke zuwa suna dawowa lafiya, 'yan kasuwa na bi, malaman asibiti na bi, ni kuma ina fakewa da tsoron da ya fi ƙarfin kowa don in rufe lalacina. Baba bai taɓa musa mani ba. Yakan ce in kula da kaina, rai ya fi masara.

Gaskiyar da ban faɗa wa kowa ba ita ce ban san awon ba. Ban san murfi nawa ake zubawa a injin feshi ba, ban san ko da safe ake yi ko da yamma ba. Da farko abin da zan koya a zama ɗaya ne. Amma da na bari lokaci ya ja, sai kunya ta shigo. In kira abokina in ce ban sani ba, bayan na ce mashi komai na rubuce? In je gaban dattawa ina duba galan ina in'ina, ni da aka sani da baki? Kowace rana da ta wuce sai tambayar ta ƙara nauyi, ni kuma in ƙara gudunta. Matata ta gane. Wata rana da safe wayar na ƙara ina kallonta ban ɗauka ba, ta ce Malam, mutumin nan fa shi ya ciyar da ku lokacin da ba ku da kowa, in ba za ka je ba ka gaya mashi ya nemi mafita. Na ce mata ranar Asabar zan je. Asabar ɗin aka yi ɗaurin aure a unguwarmu, na zauna.

Daga nan kiran ya ragu, sannan ya tsaya. Na ji sauƙi a raina, Allah ya yafe mani. Na ce ƙila sun samu wani ya nuna masu.

Ranar wata kasuwar Ƙanƙara, damina ta yi nisa, na dawo daga makaranta na ishe Baba zaune a kan dakalin ƙofar gidana. Ya rame, takalmanshi duk laka. Gefenshi buhu biyu ne a ɗaure. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa da sakin fuska, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya. Matata ta kawo ruwa da fura ya sha. Sai ya jawo buhunan ya kwance. Galan-galan ɗin ne, nashi da na mutanenshi shida, ko ɗaya ba a fasa murfinshi ba.

“Malam, ga kayanka na kawo maka,” in ji shi. “Ka ce kada a buɗe sai ka zo, ba mu buɗe ba.”

Na fara kawo maganar hanya, ya ɗaga hannu a hankali.

“Ni ma ta hanyar na biyo, ɗana.”

Sannan ya ba ni labari, ba tare da ya ɗaga murya ba. Sun jira ni har lokacin zuba taki na biyu ya wuce, don na ce ba sa buƙatarshi, kuma abin da za su saye shi da shi sun riga sun sa a nawa. Masara ta yi rawaya tun kafin ta yi goyo. Matan Damari su ba su jira ba. Da suka gaji, suka sirka da ka, suka zuba da yawa don su ga ya yi aiki, suka fesa da tsakar rana, ganyen waken ya ƙone kamar an bi shi da wuta. Mijin ɗiyarshi ya yi fushi, mazan sauran matan suka zo har gida suna neman ba'asi. Baba ya ce shi bai zo don in biya shi ba. Ya zo ne don mutanen da ya shigar sun ce ya mayar da kayan inda ya ɗauko, kuma a shekarunshi bai taɓa kai wa mutanenshi abin da ya cuce su ba sai wannan karon.

Na raka shi tasha ina ɗauke da jakarshi. Mako na zagayowa na je ƙauyen, tafiyar da na kasa yi wata uku na yi ta kafin azahar. Na ga gonakin da idona. Kara siriri, goyon bai fi tafin hannu ba, gonar maƙwabcinsu da bai saurare ni ba kuwa kore shar. Na tara magidantan na gaya masu gaskiya, cewa laifin ba na Baba ba ne, ban san aikin ba kuma na ji kunyar faɗa. Ba wanda ya zage ni. Ɗaya daga cikinsu ya ce da na faɗi haka tun ruwan farko, da sun sayar da akuya sun sayi buhu ko rabi ne. Shi ke nan abin da aka ce, kuma ya fi zagi ciwo. A kakar nan rumbun Baba bai cika rabi ba. Babban ɗanshi, da bai taɓa fita cin rani ba, ya bar matarshi da ciki ya tafi kudu neman abin da za a ci. Na sayar da babur ɗin na kai masu hatsi, na aika da wani hatsin Damari. Baba ya karɓa don kada ya kunyata ni, matan Damari kuwa suka ce in riƙe abina.

Shekarar da ta biyo baya na yi abin da ya kamata in yi tun farko. Na je horon, na zauna a gaba kamar ɗan aji ɗaya, na tambayi duk abin da ban sani ba. Awon da ya hana ni sukuni wata uku, cikin minti kaɗan aka nuna mani shi. Na gwada a gonata, na gane takin yana taimakawa amma ba ya maye gurbin na buhu, wato maganar da na yi a Mairuwa ko da na je a kan lokaci ba daidai ba ce. Yanzu ina sana'ar kaɗan-kaɗan. Ba na ɗaukar mutumin da ba ni da ranar zuwa gonarshi, kuma ranar nakan faɗa wa matata don ta tsare ni a kanta. Ban yi arziki ba, ban kuma warke daga halin nan gaba ɗaya ba. Kullum da safe sai na yi kokawa da shi, kuma na gaji.

Abin da nake so masu shiga irin wannan kasuwanci su ji shi ne, a wajen taro ana gaya maku yawan mutanen da za ku tara a ƙarƙashinku, ba a cika gaya maku cewa kowane ɗaya daga cikinsu ya jingina abincin gidanshi da maganarku ba. Kafin ka buɗe baki ka san kayanka, ka gwada da hannunka. Kafin ka shigar da mutum ka san ranar da za ka je mashi, ka kuma je. In ba ka sani ba ka ce ba ka sani ba tun da sauran lokaci, kunyar ta yini ɗaya ce. In kuwa akwai wanda ke jiranka yanzu haka, kana ganin kiranshi kana kifa wayar, ka kira shi yau ka sallame shi ya nemi wata hanya.

Baba yana nan da ranshi, ya tsufa sosai. Ina zuwa gaishe shi, ana shimfiɗa mani tabarma, ana kawo mani ruwa, a yi hira a yi dariya. Amma in magana ta zo kan gona, sai in ga magidantan sun juya suna yi da junansu, shi kuma Baba, wanda a da ba a shuka sai an ji ta bakinshi, ya yi shiru yana kallon ƙasa tare da ni.